Unguwar Baristoci a Landan, Inda Gurbin Koyon Aiki Ya Fi Digiri Wuyar Samu

A tsakiyar birnin Landan, tsakanin titin Fleet Street da kogin Thames, akwai wata ƙofa wadda mai sauri zai wuce ta bai lura ba. Da ka shige ta sai ƙarar motoci ta ɗauke. Lunguna ne masu daɓen dutse, da farfajiyoyi, da lambu, da fitilun gas irin na da. Sunan unguwar Temple, kuma a nan biyu daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na Ingila suke, wato Inner Temple da Middle Temple. Sauran biyun, Lincoln's Inn da Gray's Inn, suna arewa kaɗan, tafiyar ƙafa ce. Duk mai son zama barista a ƙasar dole ya yi rajista da ɗaya daga cikinsu, domin su kaɗai ke da ikon tabbatar masa da wannan suna.

A wurinmu lauya ɗaya ne ke zama da mai ƙara a ofis, shi ne kuma ke tsayawa gaban alƙali. Su kuwa sun raba aikin biyu. Akwai lauyan da ke karɓar mai ƙara ya haɗa takardu, akwai kuma barista, mai hular gashin doki da baƙar riga, wanda gwanintarsa ita ce magana a kotu da tatsar shaidu.

Na zaga unguwar ne a dogon hutun da ya wuce. Akwai tsofaffin gine-gine, har da wata majami'a mai siffar da'ira da aka buɗe tun 1185, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne allunan da ke bakin ƙofofi. Kowace ƙofa ta wata cemba ce, wato gungun baristoci masu ofis ɗaya da akawuna ɗaya, kuma an rubuta sunayensu a jere da fenti. Ganin sunanka a irin wannan allo shi ne burin kowane ɗalibin lauya a can. Hanyar kuwa doguwa ce.

Bayan digiri akwai kwas na kimanin shekara ɗaya mai tsadar gaske, da wasu zama goma na dole a gidan da ka shiga, wasunsu lacca, wasunsu cin abincin dare tare da manya. Ka gama duk wannan, an kira ka barista, an ɗauki hoto, amma ba ka da izinin tsayawa wa kowa a kotu sai ka yi wata 12 kana almajiranci a hannun gogaggen barista. Wata shida na farko naka bin malam ne, da karanta fayil, da rubutu, bakinka a rufe. A shida na biyu ake miƙa maka ƙananan shari'u ka je kotun majistare kai kaɗai.

Wahalar tana wajen samun gurbin. Guraben da ake tallatawa a shekara 'yan ɗaruruwa ne, masu nema kuwa dubbai, domin waɗanda suka rasa bara da bara waccan duk suna dawowa layi. A farkon shekara ake cike takardun ta intanet. Ga kuma wa'adi: wanda ya shekara biyar da gama kwas bai samu gurbi ba, sai ya nemi alfarmar ƙarin lokaci daga hukuma. Wanda ya samu ma bai tsira ba, domin a ƙarshen shekara 'yan cembar za su zauna su yanke ko a rubuta sunansa a allo, ko ya nemi wani wurin.

Masu son ɓangaren manyan laifuka, kisa da fashi da fyaɗe, su suka fi shan wuya. Cembar da ke shari'ar bankuna da kamfanoni kan biya almajirinta ninki uku na abin da ta masu laifuka ke iya bayarwa, ko fiye. Dalili kuwa, yawancin waɗanda ake tuhuma talakawa ne, gwamnati ke biyan kuɗin lauyansu, kuma kuɗin ba shi da yawa. Barista ba ma'aikacin albashi ba ne, kuɗin jirgin ƙasa zuwa kotun wani gari daga aljihunsa yake fita. Abin ya kai ga a 2022 baristocin laifuka suka shiga yajin aiki suna neman ƙarin kashi 25 cikin ɗari, suka koma a watan Oktoba da kashi 15. A ganina asarar ba ta lauyoyi kaɗai ba ce. Idan ɗan mai kuɗi ne kawai zai iya jure shekarun farko, to wanda zai kare talaka a kotu bai san irin rayuwar da ya fito daga cikinta ba.

Unguwar tana da alaƙa da mu. Kafin a kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya a 1962, wadda yanzu take da reshe a Bagauda ta jihar Kano, nan iyayenmu ke zuwa. Sapara Williams, lauyan Najeriya na farko, a Inner Temple ya zama barista a 1879. Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, wanda ya riƙe Alƙalin Alƙalai daga 1987 zuwa 1995, ɗan Lincoln's Inn ne. Hular da rigar da muke gani a Babbar Kotu daga nan aka gado su.

Daga Temple ka yi gabas, tafiyar kwata ɗin awa, sai ga Old Bailey, babbar kotun laifuka da aka buɗe gininta na yanzu a 1907 a filin tsohon kurkukun Newgate. Kowa na iya hawa benen 'yan kallo kyauta in ya kai shekara 14, amma ba a shiga da waya ko babbar jaka. Daga can sama hulunan baristoci kake fara gani, farare a jere. Sai ka ƙara dubawa za ka hango, a bencin bayansu, wata budurwa ko wani saurayi cikin baƙin kwat, babu hula, kai a sunkuye, yana rubuta duk kalmar da shaida ya furta.