Tuluz: Garin da Ake Koya wa Fiffike Jin Iska

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Blagnac, a gefen birnin Tuluz da ke kudu maso yammacin Faransa, abu biyu ne za su fara tarbarsa: jan bulo da iska. Da jan bulo aka gina tsohon garin, tun daga bakin kogin Garon har zuwa majami'u da gidajen attajiran da. Iskar kuwa sunanta Otan. Daga wajen Bahar Rum take fitowa, ta kutso ta tsakanin duwatsu, ta yi kwanaki tana buga ƙofofi da tagogi, har mutanen garin ke cewa tana juya wa mutum hankali. A wannan gari ne kamfanin Airbus ke harhaɗa jiragensa, kuma a nan ne waɗansu samari da ƴan mata ke ƙarar da ƙuruciyarsu a kan tambaya guda: ƙaƙa za a yi jirgi ya ratsa gargadar iska ba tare da na cikinsa sun wahala ba?

Tambayar tsohuwa ce a Tuluz. A unguwar Montaudran ne Pierre-Georges Latécoère ya buɗe hanyar kai wasiƙu ta sama zuwa Maroko a 1919, aka miƙa ta har Dakar a 1925. Matuƙa irin su Mermoz da Saint-Exupéry sun bi ta cikin ƙananan jirage, kuma tun kafin su kai Sipaniya sai sun yi kokawa da iskar duwatsun Pirene. A wancan zamani jikin matuƙi shi ne ma'auni, hannunsa shi ne magani. Yau titin da suke tashi a kai ya koma wurin shan iska, da gidan tarihi da aka buɗe a gefensa a 2018. Manyan jirage kuwa daga wajen Blagnac suka fara tashi: Concorde a 1969, A300 a 1972, A380 a 2005.

In baƙo ya bi bakin mashigin ruwan da ake kira Canal du Midi ya nufi kudu, zai iske unguwar Rangueil, inda makarantar injiniyoyi ta ISAE-SUPAERO, da makarantar sufurin sama ta ENAC, da cibiyar bincike ta ONERA suke maƙwabtaka. Nan ne masu neman digirin doktora ke zaune gaban kwamfuta, ko tsaye bakin bututun da ake hura iska a kan ɗan samfurin fiffike. Shekara uku ake ɗibar wa kowannensu, kuma bisa wani tsari da Faransa ta kafa a 1981, kamfani kan ɗauki ɗalibi aiki, ya biya shi albashi, shi kuwa ya rubuta kundinsa a kan matsalar da ta dami kamfanin.

Faransawa na kiran abin « trou d'air », wato ramin iska, amma fa babu wani rami a sama. Iska ce mai hawa da mai sauka ke bugun fiffike, ƙarfin da ke ɗauke da jirgin ya ƙaru ko ya ragu farat ɗaya. Wata gargadar daga hadari take, irin wanda ke tasowa daga gabas da damina a ƙasashen Sahel. Wannan radar jirgi na hango ta, domin akwai ɗigon ruwa a cikin gajimaren, sai matuƙi ya kauce. Wata daga duwatsu take. Ta uku ita ce maƙetaciya: tana faruwa ne a sarari tas, a gefen kogunan iska masu gudu da ke can sama, kuma tun da babu ruwa a cikinta, radar ba ta ganin kome.

Ba zancen shayi ya zube wa mutum a riga ba ne kawai. Ran 21 ga watan Mayu na 2024, jirgin Singapore Airlines da ya taso daga London ya gamu da gargada a samaniyar Bama ana cikin raba karin kumallo. Ya yi ƙasa da metir 54 cikin abin da bai kai daƙiƙa 5 ba. Fasinja ɗaya ya rasu, fiye da mutum 100 suka ji ciwo. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ƙidaya cewa daga 2009 zuwa 2018, wajen 8 cikin 10 na waɗanda gargada ta yi wa mummunan rauni ma'aikatan cikin jirgi ne, domin su ne a tsaye sa'ad da kowa ke zaune. Wani ɗalibin doktora na Jami'ar Reading a Ingila, Mark Prosser, da malamansa, sun kuma nuna a 2023 cewa mummunar gargadar sarari a saman arewacin tekun Atlantika ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 tsakanin 1979 da 2020, abin da ya yi daidai da hasashen masana game da ɗumamar duniya.

Dabarar farko ta daɗe. Tun A320, wanda ya fara tashi a 1987, an sa na'urorin da ke jin bugun iska, su motsa ƴan marafan da ke jikin fiffike don rage nauyin bugun. Aibinta shi ne sai an mari jirgin yake kare fuska. Abin da ɗaliban ke nema shi ne ya ga marin yana tafe. Akan harba hasken leza daga gaban jirgi, ya bugi ƙura da ƙwayoyin iska ya dawo, a gane daga dawowarsa inda iskar ta nufa. To, ga lissafin: jirgin da ke gudun kilometir 900 a awa yana cin metir 250 a daƙiƙa guda. In ya hango metir 100 a gabansa, bai da ko rabin daƙiƙa. Wannan ya ishi kwamfuta ta juya marafan, amma bai ishi mutum ya ajiye kofi ba. In ana son ma'aikata su sami minti biyu su adana kaya su zauna, sai an hango kilometir 30, alhali can sama iska ba ta da ƙurar da za ta maido da hasken da ƙarfi.

Sauran wahalar a jikin jirgin take. Fiffike ba sanda ba ne, yana lanƙwasa yana dawowa, kuma in kwamfuta ta yi kuskuren lokaci, sai ta ƙara girgizar da aka sa ta ragewa. Abin da ke hutar da ƙarfe kuma ba lalle ne ya hutar da mutum ba: lilon sama da ƙasa da ke maimaituwa kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa biyar shi ya fi tayar da zuciya, kuma na kujerun baya sun fi na saitin fiffike shan jijjiga. Ga shi kuma masu ƙera jirage na son fukafukai dogaye sirara don tsimin mai, su kuwa iska ta fi wasa da su. Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Kafin na'ura ta ƙware, kaucewa ita ce babbar kariya, kuma wannan aikin masu hasashen yanayi ne. A Tuluz hukumar yanayi ta Faransa ke da babbar cibiyarta. A Yamai kuwa, tun 1963 makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA ke horar da masu hasashen yanayi da masu ba jirage hanya na ƙasashen Afirka da dama.

Kundin da aka kare yau a Rangueil zai yi shekaru ana gwada abin da ke cikinsa kafin hukuma ta yarda a sa shi a jirgin fasinja. Kafin ranar, ɗan kasuwar da ya nufi Dubai, da alhajin da ya nufi Jidda, da ma'aikacin da aka tura taro, maganin da ke hannunsu ɗaya ne: su bar ɗamarar kujera a ɗaure ko da fitilarta ta mutu, in kuma ma'aikaciya ta dakatar da rabon abinci ta je ta zauna, kada su ga laifinta.