Limasol, Garin Da Ya Haifi Gwanin Tanis

Duk wanda jirgin ruwa ya kawo shi gaɓar kudancin tsibirin Saifurus, watau wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, abin da zai fara gani shi ne birnin Limasol a miƙe bakin Bahar Rum, duwatsun Turodos suna tsaye a bayansa. Shi ne birni na biyu wajen girma, bayan Nikosiya. Tsibirin ya sami mulkin kai daga Ingila cikin 1960, shekara ɗaya da Nijeriya, har yau kuwa motocinsa hannun hagu suke bi. Da yaƙin 1974 ya raba ƙasar biyu, tashar jiragen ruwa ta Famagusta ta faɗa ɓangaren arewa, sai ciniki ya komo Limasol, ta zama babbar tashar ƙasar.

A nan aka haifi Markos Bagdatis cikin 1985. Ubansa mutumin Labanan ne, uwarsa kuwa 'yar tsibirin. Yaron ya tashi da gwanintar wasan tanis, amma ƙaramar ƙasa ba ta da isassun abokan karawa da za su goge shi. Saboda haka yana wajen shekara 14 aka tura shi makarantar koyon wasan a Faris, ya rabu da iyayensa da 'yan'uwansa. Wannan ita ce ƙaddarar ƙaramin tsibiri, sai ya sallama ɗansa tukuna kafin ya yi alfahari da shi.

Haƙuri ya biya. Cikin watan Janairu na 2006, yana na 54 a jerin gwanayen duniya, ya kayar da Andy Roddick da David Nalbandian a babbar gasar Ostireliya, ya kai wasan ƙarshe. Ran Lahadi 29 ga watan, dare ne a Malbon amma hantsi ne a Limasol, jama'a suka yi cincirindo gaban talabijin. Ya cinye zagayen farko, sa'an nan Roger Federer ya rinjaye shi a ukun da suka biyo baya. Duk da haka mutanen tsibirin suka tarbe shi tarbar wanda ya ciwo yaƙi.

Cikin shekarar ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbildon, ya kuma hau matsayi na 8 a duniya. Daga baya raunuka suka dame shi, bai sake kaiwa can ba, ko da yake ya ci manyan kofuna 4, kuma bai guje wa ƙasarsa ba, don ya ci mata wasa 36 a jere a gasar Kofin Davis. Ya yi murabus a Wimbildon cikin 2019.

Baƙo ya ga tsohuwar ganuwar Limasol, inda ake cewa Sarki Richard na Ingila ya yi aure cikin 1191. Amma in ya tambayi mutanen gari ranar da ba su manta ba, lalle da yawa wancan hantsin na Lahadi za su ba shi labari.