Kwana Casa'in a Kan Tsohuwar Hanyar Gwanja

Tsakanin Kano da unguwar Sabonjida da ke Tamale na tsallake iyakar ƙasa uku, babu inda aka tambaye ni biza. Fasfo ake nema, sai katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Gatan ya samo asali ne daga yarjejeniyar da shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a watan Mayun 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Kowa a tasha ya san da "babu biza". Kwana casa'in ɗin ne ba kowa ke riƙewa ba.

Ɗaurin auren ɗan kawuna ne ya tashe ni, na kuma ƙudurta in haɗa da ganin gari. Hanyar Yamai zuwa Wagadugu direbobi sun daina yabonta saboda 'yan bindigar gabashin Burkina Faso, ta Legas da bakin teku kuwa zagaye ce mai cin kuɗi. Sai na bi ta tsakiya: Ilori zuwa Cikanda a jihar Kwara, na shiga Jamhuriyar Benin ta Nikki, na wuce Paraku da Jugu, na faɗa Togo ta Kara, na ɓullo Gana ta Tatale. Sunayen ba baƙi ba ne a kunnen Bakano. Nikki da Jugu zangunan fataken Gwanja ne, waɗanda suka riƙa kora jakuna da kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga su komo da goro. Su ma ba su san biza ba, amma sun san fito da garama, kowane sarki da nasa, kuma madugu ne ke ciniki a madadin ayari.

Madugun yau direba ne. Kafin a isa shinge zai waiwayo ya ce, "Masu fasfo ku ba ni, marasa takarda ku haɗa na goro." A motarmu marasa takardar sun fi yawa: mata masu buhunan kaya, da samari masu zuwa ci-rani. A wani shinge da ba zan faɗi ƙasarsa ba, jami'in ya juya fasfona ya ga bai taɓa shan hatimi ba, ya ce sabon fasfo yana da kuɗinsa. Babu wannan a kowace doka. Na nemi rasit, ya yi dariya, direba ya ja ni gefe ya ce, "Malam, rana na yi, ga mata da yara a mota." Abin da na lura da shi shi ne, mai cikakkiyar takarda da marar ita kusan abu ɗaya suke biya a irin wannan wuri. To wa zai wahalar da kansa ya je ya yi fasfo? Haka ake koya wa talaka raina takarda, har ranar da takardar za ta zama ita kaɗai ce mai cetonsa.

A Tatale abin ya tafi bisa tsari. Aka duba katin allura, aka tambaye ni wurin wa zan sauka da abin da ya kawo ni, aka buga hatimi, aka rubuta adadin kwanakin da aka ba ni. Wannan ɗan rubutun shi ne bizar a zahiri. Yarjejeniyar ma ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ta ce bai cancanta ba, saboda haka jami'in da ke riƙe da hatimi ba ado ba ne. Daga nan Zabzugu, muka haye kogin Oti, muka ratsa Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, sai Tamale.

Tamale garin babura ne. Tsohuwa da lulluɓinta za ta wuce ka a kan babur da jika a baya da tukunya a gaba, babu mai kallonta. Sabonjida tana cikin tsakiyar gari, ba nisa da kasuwar Aboabo inda ake jibge doya da masara da man kaɗe. Dagombanci ne harshen gari, amma da Hausa na sayi koko da ƙosai da safe, da ita na yi cinikin riga saƙi irin wadda suke kira batakari, da ita kuma aka yi mini iso wurin dattawan unguwa. Turawan mulki sun mai da Tamale hedikwatar arewacin ƙasar a 1907, bayan yaƙin basasar 1892 ya riga ya watsa kasuwar Salaga, Hausawanta suka bazu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Yeji da sauran zanguna. Gidaje da dama a nan in ka bi salsalarsu Salaga za ta kai ka.

Da daddare bayan an watse daga walima, na yi wa Kawu kirarin sauƙin tafiya, na ce yanzu Afirka ta Yamma gida ɗaya ce. Ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, kawo fasfon in gani." Ya haska shi da fitilar waya, ya nuna mini ranar da aka buga. "Wannan ka riƙe. Ni ina yaro aka yi korar Busiya."

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga Gana. Mutane sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Akwai waɗanda a Gana aka haife su, aka haifi iyayensu, aka loda su a manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Yarabawan Tamale da suke da rumfuna a kasuwa da yawa lokacin suka tafi, zangunan Hausawa ma sun girgiza. Kawu ya ce abokan wasansa biyu ya wayi gari babu su, kuma daga ranar mahaifinsa bai ƙara yin wasa da wata takardar gwamnati ba, ko rasit ɗin harajin keke ne.

Za a ce wancan kafin ECOWAS ne, wadda sai a 1975 aka kafa ta a Legas. Amma a Janairun 1983, yarjejeniyar Dakar tana aiki, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa izinin zama, ciki har da 'yan Gana wajen miliyan ɗaya. Jakar nan mai zane-zane da har yau muke zuba kaya a ciki a lokacin ta samu sunanta. Hujjar da aka kafa ita ce sun zarce kwanakin da aka yarje musu, suna aiki ba izini. Wato kwana 90 ɗin da ba wanda ke ƙirgawa lokacin da tattalin arziki ke lafiya, shi ake zarowa daga aljihu ranar da abinci ya yi tsada kuma zaɓe ya matso. A ganina wannan ne ainihin abin da matafiyi ya kamata ya sani, fiye da farashin mota.

Ziyara ce aka yafe wa biza. Zama da kafa sana'a matakai ne na biyu da na uku na yarjejeniyar, waɗanda aka sa wa hannu a 1986 da 1990, kuma har yau tafiyarsu tafiyar hawainiya ce. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. A kanta aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020, daidai lokacin da Nijeriya ita ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Na samu na leƙa gandun dajin Mole na ga giwaye, na tsaya a tsohon masallacin ƙasa na Larabanga. A motar akwai wata Baturiya da ta ba ni labarin fom da hotuna da kuɗin da ta biya a ofishin jakadanci kafin ta samu bizar Gana. Ban ɓoye jin daɗina ba. Sau nawa ake samun wurin da koren fasfo ya fi nata sauƙin wucewa? A farkon Janairun 2025 ma Shugaba Akufo-Addo, yana dab da sauka, ya sanar da cewa Gana ta ɗauke biza ga duk mai fasfon wata ƙasar Afirka, ta bi sahun Ruwanda da Benin da Gambiya da Seychelles.

A watan ne kuma, ranar 29, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Wani Ba'adare mai fataucin albasar Galmi, da ke sauka a maƙwabtan Kawu in zai gangara Kumasi, ya ce mini har yanzu da tsohon fasfonsa yake wucewa, domin ɓangarorin biyu sun ce a ci gaba da shige da fice ba biza. Sai dai na ECOWAS ɗin "har sai an sake sanarwa" ne, shi ya sa ba ya barin bashinsa ya kwana da yawa a hannun 'yan kasuwa.

Ana gobe zan taso aka kawo ƙarar wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Kano tun kafin azumi da sunan ziyara, ya ɓige da sayar da kayan waya a bakin titi. Kawu ya sa aka kira shi, ya karɓi fasfonsa ya duba.

"Kwanakinka sun ƙare tun yaushe?"

"Kawu, ai babu mai tambaya."

"Gobe da safe ƙaninka zai ɗauke ka a babur ku je ofishin shige da fice. Ka biya tarar da suka yanka, ka nemi ƙarin kwanaki. In sun hana, ga ɗan'uwanka nan zai koma, sai ku bi mota ɗaya."