Shekarar Farko Ma A Lissafe Take

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na ji an ba ki gurbi a jami'a, na kuma ji burinki ki zama likita. Madalla. Amma kafin murna ta kwashe ki, zauna ki saurari tsoho, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Kin ci darussa biyar a WAEC, kin samu maki mai tsoka cikin 400 na JAMB, sai kike ganin an gama yaƙi. Da saura. Takardar da ke hannunki zaure kawai ta shigar da ke. Shiga cikin gidan sai an ga abin da kika yi a aji ɗaya.

Na kwashe ƙuruciyata da furfurata ina koyar da Kemistiri ga 'yan aji ɗaya. Ɗakin lakca kan cika ya batse, wasu a kan taga, wasu a tsaye da littafi a tafin hannu, na baya ba sa jin malam sai in lasifika ta ga dama. Da na tambayi masu son likitanci, sai hannuwa su tashi gaba da baya. Kusan kowannensu shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito, an saba yaba masa, har a gida an fara kiransa dokta. Bayan shekara guda, ranar da aka manna sakamako a allon sanarwa, nakan tsaya daga nesa ina kallo. Yarinya ta bi jerin lambobi da yatsa, ta sauka ta hau, ta sake sauka, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin waɗanda suka faɗi ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Makonnin farko suka zubar.

Ki fahimci yadda abin yake a shimfiɗe. Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne. Ta farko ana yin ta tare da sauran 'yan kimiyya, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, kuma a yawancin jami'o'inmu sai kin kai maki 50 a manyan darussan nan kafin a bar ki ki haye aji biyu. Makin 45 da zai wuce da ƙawarki a wani sashen, ke kayar da ke zai yi. Ga kuma hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Ko a Zariya ne da asibitin Shika, ko a Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, ko a Sakkwato, ko a Maiduguri, kujerun a ƙirge suke. In masu nema sun fi kujeru, da me za a tace? Da sakamakon nan da wasu ke raina wa suna cewa ai yanzu aka fara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Ba ta fi kowa kaifi ba, ta ma zo da rauni a lissafi. Amma a ɗakin gwaje-gwaje nakan ga ta durƙusa, ta daidaita idonta da bututun awo, tana sakin ruwan ɗigo-ɗigo har ya sake launi, ta rubuta abin da ta gani, ta maimaita. Na kusa da ita kuwa kwafar lambar wani suke yi don su fita da wuri. Duk mako tana ƙofar ofishina da tambaya, wani lokacin tambayar da wani zai ji kunyar yi. Ta haye. Da yawa daga cikin masu yi mata dariya a wasu sassan suka ƙare.

To ki ɗauki darasi. Matambayi ba ya ɓata. Ƙananan gwaje-gwajen tsakiyar zango da rahoton aikin ɗakin gwaji su ne maki 30 ko 40 cikin 100, kuma su ne mafi sauƙin tarawa. Wanda ya watsar da su ya shiga babbar jarrabawa da bashi a wuyansa. Da sanyin safiya ake kama fara. A sakandare malami ke bin ki, a jami'a ko ba ki zo lakca ba babu mai cigiyarki, kuma wannan sakewar ita ke cinye 'ya'yan mutane. Ki duba da wa kike kwana, da wa kike tashi, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Maganar satar amsa kuwa ba zan tsawaita ba: wadda aka kama kora ce, wadda ta tsira kuma wata rana ran mutum za a damƙa mata.

Iyaye sun sha zuwa mini bayan sakamako ya fito, wasu da hawaye, wasu da wasiƙar wani babba. Nakan ba su kujera da ruwa, sannan in ɗauko takarda in yi musu lissafi, domin lissafi ba ya jin roƙo. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, 70 zuwa sama shi ne A mai maki 5, daga 60 B mai 4, daga 50 C mai 3. Ɗalibin da aka mayar wani sashe, in yana son ya dawo likitanci bayan ya gama digiri, ta hanyar shiga aji biyu kai tsaye, galibi ana neman ya fita da daraja ta biyu babba, wato 3.50 zuwa sama. To a ce ya gama shekarar farko da 2.00, kuma nauyin darussan shekarun huɗu daidai yake. Sai ya samu 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓa 3.50 ɗin. Wasan shekara ɗaya, biyan shekara uku. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Kada ki ce wannan tsananin namu ne kaɗai. A Amurka galibi ba a shiga makarantar likita sai an gama digirin farko na shekara huɗu, an zauna jarrabawar MCAT. A takardar neman gurbi ana lissafa kowane darasi da mutum ya taɓa ɗauka tun zangon farko, a ware makin darussan kimiyya daban, kuma ko ya maimaita darasin da ya faɗi, tsohon makin da sabon duka ake haɗawa. Sai dai masu tantancewar suna duba yadda ɗalibi ya taso: wanda ya fara da rauni ya yi ta hawa har ƙarshe ya fi musu wanda ya fara da ƙarfi ya zame. A ganina sun yi gaskiya a nan, don likita na ƙwarai shi ne wanda ke gane kuskurensa da wuri ya gyara.

Shi ya sa nake so ki riƙe ɗaya ɓangaren maganar da hannu biyu. In Allah ya jarrabe ki zangon farko ya zo ba yadda kika so ba, kada ki ɓoye, kada ki kwanta. Na ga saurayin da bai haye ba, aka tura shi sashen ilimin aikin sassan jiki. Ya yi baƙin cikinsa ya gama, ya dage shekara huɗu, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ya zauna aji biyu tare da ƙannen ƙannensa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Na ga kuma waɗanda suka tsaya a harhaɗa magunguna, ko aikin jinya, ko gwajin jini, suka zama abin alfaharin garinsu. Asibiti ba ya tafiya da likita shi kaɗai. Amma ki lura, duk waɗannan da suka tashi, sun fara ne da karɓar gaskiyar sakamakonsu, ba su tsaya zagin malami ba. (Malamai ma sukan yi kuskure, ban musa ba, kuma akwai hanyar neman a sake duba takarda. A bi ta da ladabi.)

Gaba da aji ɗaya akwai abin da ya fi shi nauyi: ɗakin gawa inda ake koyon sassan jiki, babbar jarrabawar da ke raba masu shiga asibiti da masu komawa baya, kwana a kan majinyata, da shekarar koyon aiki bayan an gama. Halin da kika gina yanzu na tashi da asuba da bitar darasi a ranar da aka koyar da shi, shi za ki ci a can.

Da kin gama rajista, ki nemi littafin dokokin tsangayarku ki karanta sharuɗɗan hayewa da idonki, kada ki dogara da an ce. Ki san malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, ki je ki gaishe shi tun ba ki da matsala. In an yi gwajin farko, ko mai kyau ko maras kyau, ki aiko mini da makin mu duba tare. Ki gaida mahaifiyarki.