Abdou Moumouni da doguwar hanyar komowa gida

Duk shekara, in aka kafa sunayen ɗaliban da suka sami tallafin karatu zuwa ƙasashen waje, tambaya guda iyaye suke yi: yaushe zai dawo? Ba kasafai ake tambayar da me zai dawo ba, balle wace rumfa aka kafa masa da zai sauke kayansa. Rayuwar Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ta isa a tsaya a kanta game da wannan batu.

An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga can sai Paris, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fiziks, wadda ko ƴaƴan Faransa kan sha wuya kafin su haye ta. Da irin wannan takarda, mutum yana iya miƙe ƙafa a ƙasar Turawa har tsufa. Shi kuwa sai ya juyo Afirka, ya koyar a Dakar, da Konakiri, da Bamako.

Abin lura shi ne fannin da ya zaɓa ya zurfafa a ciki. Daga 1962 zuwa 1964 ya sami tallafin cibiyar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, ya je ƙasar sanyi da ƙanƙara ya nazarci makamashin rana, wato dukiyar da ƙasarsa ta fi kowace yawa, wadda manomi ke gudu cikin watannin bazara. Digirin digirgir ya zo a 1967, a Faransa. Mafi yawan ɗalibanmu, in sun isa can, malamin da ke duba su ne yake miƙa musu batun bincike, batun kuma na bukatar ɗakin gwajinsa ne, da injunansa, da kuɗinsa. Ranar da ɗalibi ya sauka a filin jirgin Yamai, sai ya tarar iliminsa ya zama kifi a tudu. Wasu su jure shekara biyu ko uku, su sake ɗaure jaka. Wasu su bar bincike, su nemi kujerar ofis. Saurin zarginsu da rashin kishin ƙasa ba adalci ba ne. Tun ranar zaɓen batu aka yanke hukuncin komowarsu.

Abdou Moumouni bai zauna gida dindindin ba sai 1969, bayan ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. Ya tarar da wurin da zai tsaya: hukumar ONERSOL, wadda ya jagoranta shekaru da dama, ana ƙera na'urorin dafa ruwa da murhunan girki masu aiki da rana. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'a. Ya rasu a 1991.

Malaman harshe ma suna da rabo a gādonsa. Littafinsa L'Éducation en Afrique, na 1964, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunan da suka tashi da su, tun kafin a buɗe makarantar gwaji ta farko cikin Hausa a Damagaram a 1973. Masanin fiziks ne ya faɗi haka, ba malamin adabi ba. Wataƙila don ya gane cewa murhun da mai girki ba ta ji bayaninsa da harshenta ba, a zaure zai yi tsatsa.

Sai dai komowar mutum guda ba ta gina masana'anta. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, birane suka kwana cikin duhu, jama'a suka yi tururuwa wajen masu sayar da faifan sola. An buɗe tashar Malbaza a 2018, ta Gorou Banda a 2023, duka da hasken ranar da ya ƙare rayuwarsa yana aunawa. Faifan da ke shimfiɗe a filayen biyu kuwa, da waɗanda ke kan rufin gidajen Tasawa, daga ƙetare aka yi odarsu.