Lamu: Wane Jirgi Za Mu Shiga?

Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Kenya, tsohon garin Musulmi da Unesko ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Jaki ne abin hawa a lungunansa, a ruwa kuwa jirgin katako mai ƙyallen kama iska.

Ranar da muka yi niyyar kewaya tsibiran da iyali, mun tarar da jirage biyu matsakaita, irin waɗanda mutanen garin ke kira mashuwa. Na farko siriri ne, da dogon ƙyalle da sabon fenti. Shi yara suka nace wa. Na biyu mai faɗin ciki ne, yana da rumfa, da injin ko-ta-kwana, da rigunan ceto.

Watan Yuli ne, lokacin iskar kusi mai kaɗowa daga kudu tana tayar da igiyar ruwa. Na dubi autarmu da ba ta iya iyo ba, na zaɓi na biyu. Ya fi tsada, wancan kuma ya riga mu isa tsibirin Manda. Amma iyali amana ce, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Allah Ya tsare mu, amin.