Kira Goma, Murya Ɗaya

Na yi shekaru ina cewa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" a gidan rediyo ban taɓa tsayawa na auna kalmar ba. Sai wata rana ina haɗa labaran kimiyya na ci karo da aikin Feng Guo da abokansa na Jami'ar Indiyana a Amurka, wanda mujallar Nature Electronics ta buga a 2023. Sun raini ɗan curin naman ƙwaƙwalwa daga ƙwayoyin halittar ɗan'adam, suka ɗora shi bisa faifai mai ƙananan wayoyin lantarki. Suka ɗauki guntayen sauti 240 na mutum takwas masu furta wasulan Japananci, suka mai da su bugun lantarki, suka tura wa curin. Bayan horo, an gane mai magana daidai kusan kashi 78 cikin ɗari. Mai cinke kuwa sau ɗaya cikin takwas zai dace.

Ni da nake cin abinci da murya, tsigar jikina ta tashi. Har na rubuta kanu: "Ƙwaƙwalwar kwalba ta fara ji." Sai na tuna wata kunya da na sha.

Ina sabon shiga aiki, na buɗe layi kan batun tashin wata kasuwa. Kira goma suka shigo, takwas na goyon baya. Na sanar cewa gari ya amince. Washegari mai haɗa mana sauti ya nuna mini lambobin: yawancinsu daga shago ɗaya suka fito.

Wannan tarkon yana jiran masu irin wannan bincike. Wayoyi ɗari a jikin curi ɗaya ba shaidu ɗari ba ne, maƙwabta ne masu jin juna. Kowane curi da irin girmansa, na yau ba shi ne na gobe ba, tsakiyarsa ma kan mutu saboda ba jijiyar jini. Sannan kwamfuta ce ke fassara motsin curin ta ba da amsa. To, wa ya koya, naman ko injin?

Ban raina aikin ba. Amma na soke kanun. Na gaya wa masu sauraro abin da aka gwada, da mutum nawa, da abin da ya rage a tabbatar. Labarin bai yi armashi kamar na farko ba, ni dai na yi barci lafiya.